Gilashin makuro na waya: 4,500 ɗin da na kashe saboda gizo-gizon ƙarƙashin rumbu

Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da na ɗora hoton gizo-gizon nan a sitatus ake ta tambayata wai da wace kyamara na ɗauka, har wani abokina da muka yi NCE tare ya kira ni yana min tsiya wai ashe malaman ƙauye an koma riƙe iPhone ba labari. Wlh ba wata iPhone, wayata ce dai da kuka sani mai tsagaggen sikirin, wani ɗan gilashi ne ake maƙala mata a saitin kyamara, yana ƙara girman ƙananan abubuwa in an matsa dab da su, masu sayarwa suna ce masa makuro. Toh tunda tambayar tayi yawa kuma na gaji da tura boyis ɗaya bayan ɗaya, bari in zauna in rubuta komai, daɗinsa da haushinsa, yau wata huɗu kenan yana hannuna.

Ga wanda bai san ni ba, kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, kuma ina noma kamar kowa a nan. Da kakar da ta wuce muka tashi gyaran rumbu kafin a zuba gero, sai muka tarar gara tayi mana ta'adi ba kaɗan ba, itatuwan da aka girka rumbun a kai in ka danna da yatsa sai ya burma, ciki duk ƙasa. Muna cikin janye duwatsun gindin rumbun ni da ƙanina, na ɗaga wani fallen dutse sai wani ɗan baƙin abu ya fito a guje, ya tsaya cak, ya sake zabura, ya sake tsayawa, ƙanina ya ɗaga silifa zai buga nace kai dakata, na kifa masa wata robar man shafawa da ta ƙare. Gizo-gizo ne amma ba irin mai zara-zaran ƙafafu na kusurwar ɗaki ba, wannan a manne yake da ƙasa, ƙafafunsa gajeru masu ɗan kauri, kuma a ƙarƙashin dutsen babu wata yanar kama ƙuda, sai wata 'yar farar jaka ta zare kamar aljihu inda yake wuni.

Abin da yasa na hana a kashe shi, kwanaki kafin nan na karanta labarin wani gizo-gizo da ba ya cin komai sai gara, to kaga mutumin da gara ta gama da rumbunsa ya ɗaga dutse yaga gizo-gizo dab da hanyar gara, ai sai nace abin nema ya samu. Na ɗauke shi hoto ya fi sau ashirin, duk abin da yake fitowa ɗigo ne baƙi kamar kashin ɓera, in na matsa kusa hoton ya dishe, in nayi zumin ya farfashe. Na haƙura na sake shi a gindin danga.

Bayan sati biyu na shiga Kano sayen batirin sola, na biya ta kasuwar waya ta Fam Santa. Ba zan faɗi shagon ba don ba talla nazo yi ba kuma ba tonon silili ba. Yaron shagon da yaji abin da nake nema ya zaro wani ɗan kwali yace "Malam ai wannan ko ƙwayar cuta ce zai nuna maka, sau ɗari yake ƙara girman abu, har likitoci suna saya." Nace toh madalla. Ya sa 7,000, na taya 3,500, ya rantse ko sarinsa ban kai ba, na juya zan tafi ya kira ni, muka daidaita a 4,500. A cikin kwalin akwai 'yar jaka ta yadi, da maƙali irin na shanyar kaya amma mai rami a baki, da gilasai masu murfin roba. A jikin kwalin an nuna guda uku ne, ni kuma biyu na ƙirga, na tambaya yace haka yake zuwa, yamma tayi ga mota zan nema ban tsaya ja-in-ja ba.

Kwana uku ina zagin yaron nan a raina, Allah ya yafe min. Na maƙala na farko, hoto ya fito a zagaye kowa hancinsa ya kumbura kamar mai duba fuska a bayan cokali, wannan shi suke ce wa idon kifi, yara sun sha dariya yini ɗaya shikenan amfaninsa ya ƙare. Na maƙala na biyu, shi kuma faɗaɗa hoto yake, maimakon abu ya matso sai ma ya ƙara nisa. Ina makuron da na biya kuɗi dominsa? Shiru. Sai ran Litinin a ofishin malamai wata ɗaliba 'yar aji uku ta kawo min littattafan 'yan ajinsu, taga abin a kan tebur ta ɗauka tana jujjuyawa, kawai ya rabe gida biyu a hannunta, idonta ya raina fata tace "Malam wallahi ba da gangan na ɓalla ba." Ashe ba ɓallawa tayi ba, gilasai biyu ne aka murɗe a haɗe kamar kwalba da murfinta, na sama shi ne mai faɗaɗawa, siririn na ƙasa shi ne makuron. Babu ko 'yar takarda a kwalin da ta faɗi haka, kuma na tabbata shi kansa mai sayarwar bai sani ba. Don haka duk wanda ya saya, kafin ya fara tsinuwa ya murɗa tukuna.

Abu na biyu da ba wanda zai gaya maka a shago, wayoyin yanzu ramukan kyamara uku ne ko huɗu a baya amma guda ɗaya ce take ainihin aikin. Ka buɗe kyamara ka riƙa toshe ramukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, wanda ka toshe sikirin yayi duhu to nan za ka saita gilashin, kuma sai ya zauna daidai tsakiya in ba haka ba gefe ɗaya na hoton zai yi baƙi. Ni sai da na cire kwandon wayar ma sannan ya zauna.

Yanzu ga yadda yake aiki. Da zarar ka maƙala shi duniya gaba ɗaya ta dishe, ba ka ganin komai sai abin da yake kamar faɗin yatsa ɗaya daga bakin gilashin, wato santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ka ja baya kaɗan ya ɓace, ka matsa kaɗan ya ɓace. Kuma ko a inda yake ganin, wajen da yake fitowa tar ɗin siriri ne kamar takarda, in kan gizo-gizon ya fito to cikinsa ya dishe, in cikin ya fito to ƙafafu sun zama hazo. Numfashinka ma kaɗai ya isa ya ɓata hoto. Dabarar da na koya ita ce ka kafa wuyan hannunka a ƙasa ko a kan tubali, ka daina taɓa sikirin don neman fokas, kai ne za ka riƙa matso da wayar a hankali kana ja da baya har abin ya fito, sannan ka danna ka riƙe ta ɗauka da yawa a jere, a cikin hoto talatin in ka samu biyu masu kyau ka gode Allah. Ga kuma matsalar haske, tunda wayar dab take da abin to ita kanta inuwa take masa, filashin waya kuma ko dai maƙalin ya toshe shi ko ya haske can gefe. Dole sai da wata fitilar. Ni tocilan goshi nake amfani da ita irin ta masu ban ruwa da dare, na ɗaura mata farar leda a baki don hasken ya yi laushi, ƙanina ya riƙe daga gefe.

Maganar sau ɗari kuwa zuƙi-ta-malle ce tsagwaronta. A jikin zoben gilashin ma sau 10 aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Na ɗora rular ɗalibai na gwada, abin da yake cika faɗin sikirin bai kai santimita biyu ba, wato ƙwayar gero za ka ganta kamar goriba, zaren riga kamar igiya, amma ƙwayar cuta sai dai a mafarki. Tsakiyar hoton ne mai kyau, gefe-gefe kullum a dishe da wani ratsin shuɗi-shuɗi.

Shi kansa gizo-gizon shi ya fi ba ni wuya, don ba mai tsayawa a ɗauke shi ba ne. Na sake samun wani a ƙarƙashin tulin karan dawa, tsawon jikinsa ban da ƙafafu milimita shida a rula, na buɗe robar zan saita waya kafin in ƙifta ido ya haye hannuna ya bi ta hannun riga, na dinga tsalle ina kakkaɓewa a tsakar gida uwargida tana dariya har da riƙe ciki. Daga baya na tuna sanyi yana kashe musu jiki, sai na kai robar wajen yaron da yake sayar da fiya wata a bakin titi nace ya ajiye min a kularsa minti biyar, ya kalle ni ya kalli robar yace "Malam magani ne?" nace eh na makaranta ne. Yana fitowa yayi laƙwas, na samu kamar minti biyu kafin ya farfaɗo. Wata dabarar da ta fi wannan sauƙi, ka zura shi a farar leda mai garai-garai ka shimfiɗa a kan littafi ka ja ledar ta ɗan danne shi ba tare da ka murƙushe shi ba, ta haka har cikinsa ta ƙasa za ka iya juyawa ka ɗauka.

To gani ya kori ji. Abin da ido yake gani baƙi ashe ruwan ƙasa ne mai duhu, kansa yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, cikinsa kuma lulluɓe da gashi lufluf kamar karan-miski. Idanu takwas layi biyu, ƙanana sosai, da ƙyar gilashin ya raba su, amma biyun tsakiya na layin baya sun fito da wani ƙyalli fari kamar azurfa kuma ba zagayayyu ba ne, a ɗan karkace suke kamar ƙwayar kankana. A gaban bakinsa wasu 'yan hannaye biyu kansu a dunƙule kamar ɗan dambe ya ɗaure hannu, wannan ita ce alamar namiji, na mace sirara ne. Sai kuma abin da ya biya ni kuɗina, a ƙarshen cikinsa ta baya wasu bututu biyu miƙaƙƙu a rarrabe, kai kace salansar mashin ce guda biyu, ta nan zare yake fitowa. Yawancin gizo-gizo nasu gajeru ne masu tsini a cure waje ɗaya, waɗannan kuwa dogaye ne kaurinsu ɗaya daga tushe har baki kuma da tazara a tsakaninsu.

Na hau jigawar bayan makaranta inda sabis yake ɗan kamawa na ɗora hotuna huɗu a iNaturalist, manhaja ce da kake sa hoton tsiro ko dabba da wurin da ka gan shi masu ilimin abin daga ko'ina su sa masa suna kyauta. Bayan 'yan kwanaki wani ya rubuta Gnaphosidae, wani ya zo ya goyi baya. Wato gizo-gizon ƙasa kenan, babban gida ne mai nau'i fiye da 2,000 a duniya, ba sa saƙa yanar kamu, da rana suna cikin 'yar jakarsu a ƙarƙashin dutse ko ɓawon itace ko busasshen ganye, da dare su fito farauta da ƙafa. Salansar nan biyu ita ce babbar shaidarsu. Idanun nan masu ƙyalli ma ba ado ba ne, a 1999 masana sun nuna cewa wani ɗan gidan da yake Turai mai suna Drassodes cupreus da su yake karanta hasken sararin sama wajen faɗuwar rana ya gane hanyar komawa makwancinsa. Haka a 2017 an buga wani bincike da ya nuna wasunsu da zare mai danƙo suke farauta, su zagaya abin da za su ci a guje suna liƙe masa ƙafafu da baki, shi yasa suke iya kayar da wani gizo-gizon da ya fi su girma. Ni dai ban ga wannan da idona ba, da dare ake yi kuma cikin ƙiftawar ido, gilashin 4,500 bai isa ba.

Na koma na tambayi mutumin da ya sa masa sunan a iNaturalist nace to wanne ne a cikinsu? Yace daga hoto iyakarta kenan, sai an sa shi a madubin ɗakin gwaji an duba tsarin dunƙulen hannun nan na namiji ko al'aurar mace a ƙasan cikinta, don da yawansu ta waje kamar an tsaga kara suke. Yadda na bayyana wa ɗalibaina shi ne, ku ɗauka babban gida ne mai mata da yawa, Gnaphosidae shi ne sunan gidan, a ciki akwai ɗakuna sama da 100, kowane ɗaki da 'ya'yansa. Wani ɗakin cike yake maƙil, kamar Zelotes mai 'ya'ya wajen 400, wani kuma ɗa ɗaya tilo gare shi kamar Titus da aka sani a Zimbabuwe, ko biyu kamar Benoitodes da ba a samunsu ko'ina sai tsibirin Sant Helena. Gilashina ya kawo ni ƙofar gidan har na yi sallama a zaure, amma ɗan wane ɗaki ne, wannan kam bai san shi ba. Wanda zai saya don ya riƙa sa wa ƙwari cikakken suna ya san da haka tun yanzu.

Ɗakin da ni nake fata shi ne Ammoxenus, mai cin garar nan da na faɗa. Ƙaramin ɗaki ne, nau'i shida kacal, wani Bafaranshe Eugène Simon ne ya raɗa masa suna a 1893, da can ma gidansu daban ake lissafa shi sai a 2022 aka shigo da su cikin Gnaphosidae. Kuma dukkansu a kudancin Afirka aka san su, irin su Afirka ta Kudu da Namibiya da Botswana, wuraren rairayi. Akwai wata gara a can, Hodotermes mossambicus, ba irin tamu mai gina suri ba, ita a ƙarƙashin ƙasa take gida, tana da ido, ta fito fili tana yankan ciyawa tana ja zuwa rami, ƙasar da take haƙowa kuma ta tara ta 'yan tsibi-tsibi masu laushi a sama. To a cikin wannan tsibin ƙasar shi gogan yake zama. Gudu gare shi kamar iska, in ya cimma gara sai ya cije ta a bayan kai inda ba za ta iya juyowa ta rama ba, ya ja ta ya nutse da ita cikin rairayi ya tsotse, bakinsa ma an halicce shi da ƙayoyi na haƙa, in ka tsorata shi kai yake kafawa ya shige ƙasa kamar mai nutso a kogi. A 2015 aka binciki abin da ke cikin cikin ɗaya daga cikinsu, Ammoxenus amphalodes, aka tarar kusan babu komai sai wannan garar guda ɗaya, duk da akwai wasu irin garar a wajen. Kai jama'a ikon Allah da yawa yake, dabba ta ɗaure wa kanta tuwo ɗaya miya ɗaya har ta mutu.

Nawa dai ba shi ba ne, ba ya nutso a yashi, kuma ƙasarsu ma ba ɗaya ba. Amma don kar in tashi a tutar babu na jefa masa gara ɗaya 'yar ƙarama a robar, yini guda bai ko kalle ta ba, da safe na tarar da ita a ƙanƙance ta bushe. Wato yana ci in ya samu, kamar yadda zai ci kiyashi ko ɗan gyare. To amma gara ɗaya a kwana biyu ina za ta kai mu a gaban suri guda? Rumbu dai sai da muka koma wa abin da Baba ya faɗa tun farko, aka canza itace aka shafe shi da baƙin mai, aka ƙara tsayin duwatsu, aka barbaɗa toka a gindi.

Mu dawo kan kayan. Araha ba ta ado, wannan na yarda. Zoben kamar na ƙarfe ne marar nauyi amma shi gilashin ina zargin roba ce, don ranar da ƙurar hunturu ta hau shi na goge da gefen riga sai ga zane biyu sun fito, har yau in haske ya bugo ta gefe sai wani farin layi ya ratsa hoton. Ku riƙa hure ƙurar tukuna sannan ku goge da 'yar jakar yadin. Murfin makuron babu shi daban tunda a haɗe yazo da ɗan'uwansa, dole in ka gama ka sake murɗa su tare. Maƙalin kuma a wata na biyu ya ɓalle daidai wajen sifirin, ba faɗuwa yayi ba ba komai ba, buɗewa kawai nayi naji ƙas. Yanzu da robar ɗaure kuɗi guda biyu nake ɗaure shi a jikin wayar, yana aiki amma in mutane suna wajen sai ka ɗan ji kunya. Na duba a kasuwar Gujungu ran Lahadi ko zan samu maƙalin kaɗai, masu kayan waya duk suka ce sai dai in sayi sabon kwali.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci kuma dan Allah a kula. Gilashin nan yana sa ka kai hannunka da fuskarka dab da ƙasa, a ƙarƙashin dutse, wani lokaci da dare, hankalinka duk yana kan sikirin. Shi gizo-gizon ƙasa ba a san shi da dafin da yake kwantar da mutum ba, amma maƙwabtansa fa? Inda yake kwana nan kunama take kwana, nan kububuwa take lafewa, kuma duk wanda ya san dalilin da yasa aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba zai yi wasa da kububuwa ba. Sau biyu ina ɗaga tubali ina tarar da kunama ta ɗaga ƙari. Da sanda ake fara juya dutse, a juya shi bakin ya buɗe ta can ba ta wajen ƙafarka ba, a sa takalmi rufaffe, a haska ko'ina kafin a durƙusa, kuma ni ban yarda ɗalibi ya fita neman komai da dare ba, da rana muke yi tare ina tsaye. In ka gama ka mayar da dutsen yadda yake. Ranar da na samu macen, tana kwance kan jakar ƙwanta, fara shimfiɗaɗɗiya kamar maɓallin riga an liƙa a jikin dutsen, ko gudu ba ta yi ba, na ɗauki hoto uku na mayar mata da rufinta.

Da daren kuwa in ka sa tocilan goshi ka haska fili za ka ga wasu 'yan ɗigo suna walƙiya kore-kore kamar raɓa a tsakiyar rani, idanun wani gidan gizo-gizo ne daban, Lycosidae, su macensu jakar ƙwan take ɗaurawa a gindi tana yawo da ita, in sun ƙyanƙyashe ta goya su a baya gaba ɗaya kamar mai 'yan biyu sau hamsin. Su sun fi sauƙin ɗauka don in haske ya dalle su sukan tsaya. Mafi sauƙi duka shi ne ɗan mai tsallen nan na jikin katanga mai manyan idanu biyu a gaba, shi har juyowa yake yana kallon gilashin, hotonsa ne ma aka fi yabawa a sitatus.

A gida kam na sha magana. Inna tace "kai dai har ka ajiye iyali ba ka bar wasan ƙasa ba, wata rana tautau zai yi maka fitsari ka gane kurenka." Na nuna mata hoton a waya ta ja baya tana a'uziyya, tace wannan ai Gizon tatsuniya ne da kansa saura Ƙoƙi. Baba shi bai ce komai ba sai da ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, sannan yace a daina kashe su barkatai, halittar da tayi saƙa a bakin kogo ranar hijira ba abar takewa ba ce. Tun ranar ƙanina ya daina ɗaga silifa, aƙalla dai in Baba yana kusa.

Inda kuɗin ya fi fita a wajena ma ba kan gizo-gizo ba ne in za a faɗi gaskiya. Makarantarmu ba mu da madubin gwaji ko ɗaya, da alli nake zana ƙafar ƙwaro a allo, yanzu sai in zagaya da waya layi-layi kowa ya ƙirga da kansa, kiyashi shida, gizo-gizo takwas, jikin wancan kashi uku na wannan kashi biyu, ba wanda ya sake faɗuwa wannan tambayar a gwaji. Mun ga ƙwan ƙwaron wake a liƙe a jikin ƙwayar wake farare kamar ɗigon kakin kyandir, wanda da ido sai ka ɗauka ƙura ce, kaga mai sayen wake don ajiya wannan kaɗai ya ishe shi. Wani maƙwabcina mai masarar rani a fadama ya kawo min tsutsa a leda, muka duba muka ga alamar nan mai kama da gwafa a kife a goshinta da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere murabba'i wajen wutsiya, wato tsutsar nan ce da ta shigo ƙasar nan a 2016 take cinye zuciyar masara, ya tafi wajen malamin gona da hoton a waya maimakon ya je yana kwatance da baki.

To a saya ko kar a saya? Malamin makaranta, malamin gona, ɗalibin kimiyya, mai sarin hatsi, ni nace ku saya, amma kar ku wuce 5,000 a irin wannan mai uku a haɗe, in kuma kun samu makuro shi kaɗai na gilashin gaske mai maƙali mai kauri ko ya ɗan fi tsada ku ɗauke shi, don sauran biyun kayan wasan yara ne. Ku murɗa shi a gaban mai shagon, ku maƙala a wayarku ba tasa ba, ku gwada a kan zaren hularku, ku buɗe maƙalin ku rufe sau goma ku ji ko yana ƙara. Mai gajen haƙuri kuma, ko wanda hannunsa yake rawa, ko mai son ya tsaya daga nesa ya ɗauki tsuntsu a kan bishiya, ya riƙe kuɗinsa, ba aikinsa kenan ba.

Namijin nan na biyu ya mutu a robar bayan sati uku, ina jin ƙishi ne don na manta ban sa masa jiƙaƙƙiyar auduga ba. Na saka shi a wata 'yar kwalbar allura da na wanke, na cika ta da sifirit, na rubuta rana da wuri da fensir a guntuwar takarda na jefa ciki tunda biro narkewa yake. Yana nan a kan taga bayan rediyo, na gargaɗi yara kar wanda ya taɓa. In akwai wanda yake sashen nazarin halittu a jami'ar tarayya ta Dutse ko jami'ar da ke Kafin Hausa ko BUK da zai iya sa min shi a madubi ko da minti goma ne ya ɗauko min hoton dunƙulen hannun nan, dan Allah ya yi min magana ta inbos, ina shiga Dutse ƙarshen wata kuma kwalbar ba ta fi ɗan yatsa ba, a aljihu zan taho da ita.